Motar da Ke Shaƙar Hayaƙinta

Mu huɗu ne maza a gidanmu a Tambuwal. Uku sun gaji Baba, suna zaune a zaure suna biya wa mutane karatu. Ni ne na huɗun, wanda aka miƙa wa boko lokacin da aka ce kowane gida sai ya ba da ɗa guda. An duba an ga ni na fi kowa surutu da gardama, aka ce to ga wanda za a huta da shi. Shekarar da zan wuce makarantar kwana muna tsakiyar wani littafin fiƙihu ni da Baba, daidai babin abin da ake ci da wanda ba a ci. Ya sa tsinken tsintsiya a shafin ya rufe, ya ce in na dawo hutu mu ci gaba. Na dawo hutu sau ba adadi, kullum da uzurina, tsinke yana nan inda yake.

Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba. Abin da yake yi ya fi faɗa ciwo. Bai taɓa kiran abin da nake yi karatu ba. Ko ina aji ne, ko na dawo da takardar shaida mai hatimi, tambayarsa ɗaya ce: "Yaya aikin ga naku?" Har na zama jami'in ilmi a ƙaramar hukuma, shugabannin makarantu suna miƙewa in na shiga, amma a zauren gidanmu ni mai aiki ne, yayyena su ne masu karatu. Ina dariya in an yi maganar, amma abin yana cina.

Sai aka shiga shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara, jiharmu tana sabuwa, kowane ma'aikaci yana mafarkin mota. Abokan aikina duk fijo suka saya, kamar masu hankali. Ni kuwa na ce ba zan hau abin da kowa ke hawa ba. Na ji labarin wani Ba'amurke mai koyarwa a Sakkwato zai koma gida yana neman mai sayen motarsa, na je na kwaso ta. Koriya ce, doguwa, tsawonta ya hana ta shiga lungunmu, sai a bakin hanya nake ajiye ta in ƙarasa da ƙafa. Ya haɗa mini da wani littafi mai kauri na Turanci, da zanen kowane ƙarfe da ke cikinta.

Ba don abokan aiki na saye ta ba, ko da yake na ji daɗin yadda suka yi shiru. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Baba yakan je Fakku ya gaida yayarsa, Gwaggo, wadda ta goya shi. Da a kan doki yake zuwa. Da ƙarfi ya ja baya sai a gaban babbar motar 'yan kasuwa, a matse tsakanin direba da wani mai buhun barkono. Na rantse a raina cewa bana ni zan kai shi, a motata, ya zauna kusa da ni, mutanen Fakku su fito su ga ɗan da aka huta da shi. Wannan kaɗai nake so.

Wata biyu da sayenta ta fara nuna hali. In tana gudu lafiya lau. Da na tsaya, ko a mararraba ko don in gaisa da wani, sai ta hau rawar jiki, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Kuma ta san wurin mutuwa. Ba ta taɓa mutuwa a daji ba, sai a bakin kasuwa, ko a ƙofar ofis lokacin da masu fijo ke fitowa.

Na kai ta wurin wani bakanike da ya yi koyo a Kaduna, mutum mai ƙarancin magana da yawan raina masu takarda. Ya duba fulogi, ya duba kafireta, sannan ya ɗora yatsa a kan wani ƙarfe mai kama da ƙaramin murfin kwano, ɗaure da noti biyu a gefen inji.

"Yallaɓai, ga ɓarawonka nan," in ji shi. "Wanga bawul, duk motar da nig gani da shi toshe shi nika yi. Gwangwanin madara guda ya isa."

Na ce ba za a sa wa motata gwangwani ba. Na koma gida na buɗe littafin, na kwana biyu a kan babin, har na fahimci abin sarai. Inji yana ƙona fetur da iska a cikinsa. In wutar ta yi zafi fiye da kima, sai ta haifar da wata iska mai guba, kuma fetur ya riƙa fashewa tun lokacinsa bai yi ba. Shi ya sa maƙeran motar suka sa wannan bawul tsakanin hanyar fitar hayaƙi da hanyar shigar iska. Yana ɗibar hayaƙi kaɗan ya mayar cikin inji. Hayaƙin ya riga ya ƙone, ba ya sake cin wuta, sai dai ya cika wuri ya sassauta zafin, kamar yadda ake surka ruwan wanka. In mota tana tsaye bawul a rufe yake. In ta kama hanya, wani siririn tiyo ya zuƙi wata fatar roba da ke cikin murfin, ta ɗaga, bawul ya buɗe. Nawa kuwa kunkunniya ce ta daskare a bakinsa ya kasa rufuwa, shi ya sa da na tsaya hayaƙi ke shaƙe injin.

Na koma wa bakanike da littafi a hammata, na tsaya a kansa ina karanta masa yadda ake gyara. A kwance noti biyu, a kankare kunkunniyar da waya, a wanke gindin da kananzir ba tare da ya taɓa robar ba. Ya yi duk wannan yadda na karanta masa. Da muka zo wurin gwaji, inda littafi ya ce a zuƙi tiyo a ga ko sandar bawul ta motsa, sai ya miƙo mini.

"Kai ad da littahi, yallaɓai. Zuƙa."

Na zuƙa, a gaban mutane, da babbar riga. Sanda ta motsa. Bakina ya wuni yana ɗanɗanon fetur, amma mota ta tashi ta tsaya shiru kamar ba ita ba, na fito garejin ina jin babu kamata a ƙasar Tambuwal.

Da na bar abin a nan da an zauna lafiya. Amma mutumin da ya san abu sabo bakinsa ƙaiƙayi yake yi. Bayan la'asar na nufi zauren Baba. Yana kan buzunsa, yayyena suna gefe, ga dattawa biyar ko shida da suka gama ɗaukar karatu. Na gaisa, na zauna, na jira aka tambayi lafiyar mota, na kuwa buɗe baki. Na yi bayanin iska, na yi na wuta, na zana bawul da yatsa a ƙasa. Ban taɓa yin darasi mai kyau irin wannan ba ko a aji. Ina satar kallon Baba ina ganin ya ajiye carbinsa yana saurare, zuciyata ta yi fari.

Da na gama ya ce, "Dakata in gane. Kac ce abin da cikinta yaf fidda, shi taka maidawa ciki?"

"Kaɗan daga ciki, Allah shi gafarta Malam."

"Kaɗan ko da yawa, ci taka yi?"

"Tana ci."

"To ai wagga jallala ta."

Dattawa suka gyara zama. Ni ma na san kalmar, ko da yake ta yi ƙura a kaina. Jallala ita ce dabbar da ta saba da cin ƙazanta, wadda wasu malamai suka ƙi a hau ta ko a ci namanta sai an tsare ta an ciyar da ita abinci mai tsabta na wasu kwanaki.

Baba ya dube ni ya ce, "Mi za ka ce?"

Shekara ashirin da wani abu ina yi wa mutumin nan ladabin nesa, irin na baƙo. Na sunkuyar da kai na ce, "Sai abin da kunka ce, Allah shi gafarta Malam."

Ya sake cewa, "Ba ka da ta cewa?"

Na ce babu.

Ya ɗauki carbinsa. "To, a hana ta ci. Kaza kwana ukku aka tsare ta, raƙumi arba'in. Taka ta fi kusa da raƙumi. In ta cika, sai mu tafi Fakku. Ina jira."

Washegari na koma gareji ba littafi a hammata. Na tuna wa bakanike maganar gwangwanin nan da ya yi rannan. Bai yi dariya ba, kuma wannan ne abin da ban yafe masa ba har yau, don da ya yi da na sami abin yin fushi. Ya shanye madarar a shayinsa tukuna, ya yanka gwangwanin, ya daddale shi, ya huda ramin noti biyu, ya sa shi a ƙarƙashin bawul ya ɗaure. Hanyar hayaƙi ta toshe. Na san abin da littafi ya ce zai faru in aka toshe ta aka kuma sa inji aiki mai nauyi cikin zafi. Na sani sarai, na yi kamar ban karanta wannan shafin ba.

Na kai ta gindin darbejiyar da ke bakin lungunmu na ajiye, na koma kan tsohon babur ɗina. Kullum da safe in tace fetur da farin ƙyalle in zuba mata, in tayar da ita ta ɗan yi ƙugi, in kashe. Ba wanda ya ce in tace, ni na ƙara wannan don a ga himmata.

Kafin mako ya zagayo duk garin ya ji. A ofis ana tambayata ko mai jego ta tashi lafiya. Matata ta ce in za a dama mata kunun kanwa in faɗa da wuri a sayo gero. Wani shugaban makaranta da na taɓa rubuta wa takardar gargaɗi ya taho tun daga Sanyinna, wai ya zo barka. Na haɗiye duka. Ina gaya wa kaina biyayya nake yi, kuma in ba a ga karatuna ba ai za a ga biyayyata.

Babban yayanmu ya same ni wata rana ina goge ta. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Da ka koma kun ƙara magana da Malam." Na ce maganar me, ai an yanke hukunci. Ya buɗe baki zai ce wani abu, ya fasa, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Na bi shi da harara, a raina ina cewa baƙin ciki yake yi don ba shi zai kai Baba Fakku ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sama. Bazara ta kai maƙura, zafi kamar a gasa mutum, kuma da yammaci hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya sauka, hanyar Fakku ta gagari doguwar mota sai baɗi, kuma Baba ba yaro ba ne da za a yi ta ce masa baɗi. Ina ƙirga kwanaki ina kallon gabas, ni kaɗai a garin nake roƙon ruwa ya dakata.

Ya kuwa dakata. Ranar arba'in da ɗaya, da hantsi, Baba ya fito da farar riga da sandarsa. Yayyena suka yi shirin rakiya, ya ce su zauna, mu biyu mun isa. Na buɗe masa ƙofa, ya yi bisimilla ya shiga, ya shafa kujerar, ya ce tana da laushi. Na bi ta bakin kasuwa ko da yake ba nan ce hanya ba.

Har Kebbe ba abin da ya faru. Muka tsaya ya gaisa da wani abokinsa, aka riƙe mu da fura, ba mu tashi ba sai da rana ta take. Bayan Kebbe hanya ta zama yashi. Na taka mai, mota ta nutsa tana ja da ƙyar, sai na ji abin da nake tsoro: wata ƙara daga cikin inji, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na sassauta, ta yi shiru. Na taka, ta dawo da ƙarfi. Allurar zafi ta fara hawa. Na yi kamar ban ji ba, har na fara ba Baba labarin wata makaranta da muke ginawa.

"Mi ka kuka cikin motagga?" in ji shi.

Na ce ba komai.

"Kunnena bai mutu ba tukuna. Tsaya."

Na ja gindin wata tsamiya na kashe. Na buɗe bonet, zafi ya bugi fuskata. Baba ya fito ya zagayo a hankali ya tsaya kusa da ni. Ba yadda zan yi, na gaya masa gaskiya. Na ce wutar cikin injin ce ta yi yawa, fetur yana fashewa kafin lokaci, kuma in muka ci gaba a haka cikin yashin nan za mu iya ƙona fistin mu kwana a daji. Na ce hayaƙin da muka hana ta shi ne yake sanyaya ta.

"To cire gwangwanin ka ba ta abinta."

Na dube shi. "Jallalar fa?"

"Mi yas sa anka ƙi hawan jallala?"

Na ce karatuna bai kai nan ba.

"Don guminta na, kar shi taɓa tufan mutum. Motarka na gumi? Hayaƙin fetur najasa na? Ƙarfe na da hukuncin dabba? Ko dabbar ma, malamanmu ba su tsananta ba. Amsa ukku ko fuɗu gare ka, ko wace kaɗ ɗauka ta isa ka kada ni gaban mutane. Kuma suna nan bayan tsinken da nis sa maka, shafi biyu kacal."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba tun da na girma, amma ranar na ɗaga. Na ce ashe ya sani tun farko, ya bar ni kwana arba'in ina tace fetur da ƙyalle kamar mahaukaci. Na ce ya bar garin nan kaf yana mini dariya, har da mutumin Sanyinna. Na ce wannan ba adalci ba ne, kuma in malami ya san ɗalibi bai san amsa ba, gaya masa yake yi, ba ya sa shi a kasuwa. Na faɗi wasu ma da ban tuna ba. Ina huci, idona ya cika.

Ya bari na gama, yana dogare da sandarsa.

"To, yanzu ka dawo," in ji shi. "Kwana arba'in nika zaune zaure, duk wanda yat taɓa ƙofa in ce kai na, ka zo ka yi mani gardama. 'Yan'uwanka, in na ce gulbi ya koma tudu cewa suka yi hakanan na. Kai ɗai ka tsayawa ka ce a'a tun kana ƙarami. Nib ba da kai, anka maido mani kai kana gaisuwa awa baƙo. Rannan kaz zo da abin da ban sani ba, nij ji daɗi, nic ce bari in taɓa shi in gani ko yana nan ciki. Sai kat tafi kay yanko gwangwani."

Na share fuskata da hannun riga.

Muka zauna a inuwa har inji ya huce. Na ɗauko sifana na kwance noti biyun. Ba inda zan ajiye su a cikin yashi, sai ya miƙo tafin hannunsa. Na ciro bawul, na zare gwangwanin na jefar. Ya ce in ba shi bawul ɗin ya gani. Ya juya shi, ya cusa yatsa a bakin bawul ɗin, yatsan ya fito baƙi ƙirin. Sannan ya fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, yadda ɗalibansa ke yi masa.

"In tana tsaye, rufe shika?"

Na ce a rufe.

"Don mi?"

Na ce don a lokacin wutar ba ta da ƙarfi, in aka ƙara mata hayaƙi sai ta mutu.

"To wa ka gaya mashi ta kama hanya?"

Na nuna masa siririn tiyon. Na sa a baki na zuƙa, ya kawo idonsa kusa yana kallo. Ya ce ya motsa. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce shi bai yarda hayaƙi na sanyaya wuta ba, ai hayaƙi ɗan wuta ne. Na ce ya yi kuskure, na kuma kawo masa hujja. Ya kawo tasa. Muka yi ta yi a gindin tsamiyar nan har sai da na tuna rana tana tafiya. Da na mayar da bawul na ɗaure, hannunsa duka biyu sun yi baƙi har gefen hannun rigarsa. Na ɗebo ruwa a jarka zan zuba masa, ya ce in bari, na lagireto ne, hanya da saura.

Mota ta shiga yashin ta fita ba ƙwal ko ɗaya. Muka isa Fakku da la'asar sakaliya. Mutane sun fito kallo yadda na yi mafarki, amma ban ma lura da su sosai ba.

Gwaggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Idonta ya yi rauni, sai ta kama hannun mutum ta kawo kusa take gane shi. Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ta riƙo hannunsa, ta duba, ta shinshina.

"Kai kuwa mi yas sami hannunka? Malami guda da hannun maƙera?"

"Karatu anka biya mani bisa hanya," in ji Baba. "Ɗanki yab biya mani. Ban gama ganewa ba, sai mun koma."

Gwaggo ta ce wane ɗan, ya ce mai gardamar.

Na ce musu bari in je in duba ruwan lagireto. Ruwa a cike yake, na sani, amma na daɗe a tsaye da kaina a cikin bonet.